Ruwa Mai Lamba Goma Sha Bakwai

Dalmoine,
9 ga Oktoba.

Zuwa ga Babana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda za ta same ku lafiya kai da Mama. Yaya ƙirjin naka da wannan sanyi da ya fara shigowa? Yaya gwiwar Mama? Ina fata ka je an duba maka na'urar kunnen nan, domin ranar Asabar da na kira sai da na ce "ina lafiya" sau huɗu, kai kuma kana amsa mini da cewa ba a yi ruwa ba a Greenock. Shi ya sa na koma takarda. Da ma wayar ba ta kamawa a nan sai na hau tudun bayan coci.

Yau kwanana talatin da takwas da kama aiki. Ɗakin da na kama yana da ɗumi, kuma ina cin abinci, ka gaya wa Mama. Na san ba da son ranka na zo garin nan ba. Ranar da na nuna maka takardar ɗaukar aiki cewa ka yi ba ka bar komai a Dalmoine ba da zai sa 'yarka ta koma nema. Ban manta ba. Duk da haka kai ne mutumin da nake fara gaya wa idan na yi kuskure, kuma na yi.

Ga yadda abin yake. Ƙungiyar mutanen gari, wadda ta ɗauke ni aiki, ita ce ta mallaki ƙasar kwarin nan. Ta yi yarjejeniya da wani kamfani da zai kafa injinan samar da lantarki daga iska a kan dutse, kuma dole a fasa hanya ta manyan motoci zuwa can. Sashe na tara na yarjejeniyar ya ce duk ruwan da yake loch, kamar yadda ake kiran tafki a nan, mai suna a rajistar ƙungiya, ba za a taɓa shi ba, hanya ce za ta kauce masa. Wanda ba shi da suna kuwa ana iya zuba masa duwatsu a cike shi.

Aikin farko da shugabarmu, Rhona, ta ba ni shi ne in lissafa ruwayen da ke kan layin hanyar. Ashirin da uku ne. Na duba taswira uku, ta 1878, da ta 1960, da ta bana. Ruwa mai lamba goma sha bakwai, wanda ke bayan garken tumaki ta gabas, ba shi da suna a ko ɗaya cikinsu. Na rubuta "kududdufi, ba suna", na sa hannu. Rhona ta tambaye ni ko na tambayi wani a gari, na ce mata taswirori uku sun yi daidai da juna, babu bukata. Har da ɗan alfahari na faɗa, Baba.

Ranar Juma'a sai ga wani tsoho ya shigo ofis da karensa, ya tsaya a kaina ruwa yana ɗiga daga hularsa kan takarduna. Sunansa Uisdean, makiyayi ne, ya ce ka san shi. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ke ce 'yar Tormod Ƙarami? Digirin naki a kan ruwa aka ba ki, ko a kan takarda?" Ban taɓa jin an kira ka da wannan suna ba, Norman kawai na sani. Ya ce shekara sittin yana shayar da tumaki a wannan ruwa, yau an wayi gari wata yarinya daga Greenock ta ce ba shi da suna. Ya ce masu zana taswira a zamanin da, wakilin mai ƙasa suke tambaya, ba makiyaya ba, shi kuwa wakili bai san sunan ruwan da ba a kamun babban kifi a cikinsa ba.

Bayan ya fita na shiga wurin Rhona na gaya mata kuskuren nawa ne. Na zaci kora ce. Ba ta yi faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Ta buɗe mini shafin farko na rajista. Ƙa'idar ita ce suna ba ya shiga sai da shaidu uku. Kowane sai ya zama ya zauna a kwarin shekara hamsin baya ko fiye, kuma ya faɗi sunan da bakinsa a gaban shugaba, ba tare da an tuna masa ba. Ranar 30 ga Nuwamba ake rufe rajista a miƙa wa kamfani. Bayan nan motocin duwatsu za su zo.

Saura kwana hamsin da biyu. Da hannuna na jawo, kuma da hannuna zan gyara.

Ka gaida Mama, ka ce ta bar hawa bene da kwandon wanki.

'Yarka,
Marsaili.

Dalmoine,
23 ga Oktoba.

Babana abin ƙaunata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku. Na sami katin Mama, na gode da safar ulu. Na ga layi ɗaya da ka ƙara a ƙasa, cewa in riƙa sa takalmi mai kyau. Ina sawa.

Na je na ga ruwan da idona, abin da ya kamata in yi tun farko. Tafiyar minti arba'in ce daga ofis. Na ari ƙaramin kwalekwale na roba da igiya mai dalma na auna shi. Tsawonsa mita casa'in da huɗu, faɗinsa arba'in da ɗaya, zurfinsa a tsakiya mita uku da digo biyu. Akwai ƙananan kifaye masu ɗigo-ɗigo, akwai kuma tsohuwar sheƙar tsuntsun ruwa a gefen arewa. Ta gabas wani baƙin dutse ya shigo cikin ruwan. Na daɗe a zaune a wurin ina kallon abin da na rubuta wa "kududdufi".

Ranar Talata injiniyan kamfanin ya zo. Ba mugun mutum ba ne, yana da nasa wa'adin. Ya ce idan hanya ta kauce wa ruwan za a ƙara mita ɗari shida a cikin fadama. Ya ce shi a saninsa loch tafki ne da harshenmu, tafki kuwa babban abu ne, wannan ko ɗansa zai jefa dutse ya tsallake shi. Ya ce in nuna masa ma'auni, daga mita nawa ruwa yake zama loch.

Baba, kwana uku na yi ina neman wannan ma'auni, domin ni ma na fi son a ce akwai shi. Na rubuta wa malamina na jami'a, na duba ƙamus biyu na Gaelic, harshen asali na mutanen kwarin nan, da ɗaya na harshen Scots. Babu. Loch Morar mai zurfin mita ɗari uku da goma loch ne. Loch Long da kake hangowa daga tudun bayan gida ruwan gishiri ne, hannun teku ne da ya shigo ƙasa, shi ma loch ne. Na ruwan daɗi kaɗai a ƙasar nan sun haura dubu talatin, kuma mafi yawansu ƙanana ne, waɗanda muke cewa lochan. Ba girma ba ne, ba gishiri ba ne, ba zurfi ba ne. Ruwan da mutanen wurin suka kira loch, suka raɗa masa suna, shi ne loch. Na rubuta wa injiniyan haka a shafi biyu. Ya amsa da layi ɗaya, cewa in kawo sunan kafin ranar talatin, zai karkata hanyarsa. Na ga adalcinsa a nan.

Shaida ta farko ta samu. Na so a ɗauki ta Uisdean ranar Lahadi bayan coci tunda Rhona tana gari, ya dube ni kamar na ce ya saci tunkiya. Ya ce ko ruwan zai ƙafe a gabansa ba zai sa hannu a takarda ranar Lahadi ba, ya kuma tambaye ni ko a Greenock ba a koya wa yara kwanakin mako. Litinin da safe ya zo da farar riga, ya tsaya a gaban Rhona ya faɗi sunan sau ɗaya, ya sa hannu, ya sha shayi kofi biyu ya cinye mana biskit.

Washegari ya dawo da ɗan kawunsa, Lachie, wai ga shaida ta biyu. Lachie ya faɗi sunan daidai. Rhona har ta ɗauki alƙalami, ni kuma bakina ya ƙi yin shiru. Na tambaye shi yaushe ya fara jin sunan. Ya sosa ƙeya ya ce, "A mota, muna tahowa." Ashe a wancan gefen dutse ya tashi, bai taɓa ganin ruwan ba. Na roƙi Rhona kada ta rubuta shi. Uisdean ya ce bai taɓa ganin wanda ake ciro shi daga rami yana duba ko igiyar tana da tsabta ba, ya ja karensa ya fita. Kwana biyu ba ya amsa gaisuwata.

Na yi kuka a banɗakin ofis, ba zan ɓoye maka ba. Amma da rashin tambaya na shiga wannan hali, ba zan fita da ƙarya ba.

Za ka lura ban rubuta sunan ruwan a takardar nan ba. Da gangan ne, kuma ba zan rubuta shi ba sai an rufe rajista. Na fi son kada ya fita daga hannuna zuwa wurin kowa.

Saura kwana talatin da takwas. Ka gaida Mama da maƙwabta.

Taka,
Marsaili.

Dalmoine,
6 ga Nuwamba.

Baba,

Ina gaishe ka da kyau, ina gaida Mama. Ina fata tarin ya lafa. Ka karanta wannan takarda a zaune, kuma ka karanta ta har ƙarshe kafin ka ninke ta.

Mun sami shaida ta biyu. Ka tuna Peigi, wadda gidanta ke kallon naku ta ƙetaren rafi? Tana raye, shekararta tamanin da takwas, tana gidan kula da tsofaffi a Lairg. Ni da Rhona muka je ranar Alhamis. Wata ma'aikaciyar gidan ta gargaɗe mu cewa wata rana tana ganewa, wata rana ba ta ganewa. Mun same ta tana shan miyar sha'ir. Ta ɗauka ni ce mai kawo magani, ta ce in gaya wa likita ƙwayoyinsa ba su da amfani. Na shimfiɗa mata hoton da na ɗauka, ban ce komai ba. Ta ajiye cokali, ta sa yatsa a kan baƙin dutsen nan na gabas, ta faɗi sunan. Daidai da na Uisdean, kalma da kalma. Rhona ta sa ta maimaita a gaban ma'aikaciyar, ta maimaita, har ta ce ko mu kurame ne.

Daga nan ta ƙura mini ido ta ce, "Wannan goshin na gidan Munro ne. Ke ta Tormod ce?" Na ce e. Ta riƙe hannuna ta ba ni labarin hunturun da kake da shekara goma. Ba zan maimaita shi a nan ba, domin sunan yana cikin labarin. Abin da zan ce kawai shi ne yanzu na san abin da ya sa ba ka zancen garin nan, na san abin da ya sa ko Gaelic ba ka yi mana a gida. Na yi shekaru ina zaton raina wurin ka yi. Ka yafe mini wannan zato.

Yanzu ga lissafin, kuma na bi shi sau uku. Na ɗauko rajistar makarantar gari da ta coci. Mutanen da suka zauna a kwarin nan shekara hamsin baya, waɗanda na iya gano inda suka ƙare, arba'in da shida ne. Arba'in da ɗaya sun rasu. Ɗaya yana Kanada, 'yarsa ta amsa mini cewa bai ƙara gane kowa ba. Ɗaya tana da shekara biyu aka bar garin da ita, ta ce ba ta san komai ba. Sauran mutanen da ke zaune a nan yanzu duk daga baya suka zo. Saura uku: Uisdean, Peigi, da kai.

Na duba ƙa'idar da kyau, ba ta hana dangin ma'aikaci ba da shaida ba. Abin da Rhona ta ce kawai shi ne ni ba zan tsaya a wurin ba lokacin da za ka faɗa, kuma dole ka zo da kanka, ba a karɓa ta waya ko ta takarda.

Na san abin da nake roƙo. Shekara hamsin da shida ba ka taka garin nan ba, ni kuma ina cewa ka zo ka faɗi kalmar da ka fi ƙi a duniya, don ka gyara kuskuren da ni na yi. Ba daidai ba ne, na sani. Na nemi wata hanya ban samu ba. Da akwai mutum na huɗu da ban taɓa buɗe maka wannan zance ba.

Na haɗa da takardar lokutan jirgin ƙasa. Na ja layi a ƙarƙashin wanda ya fi sauƙi, canji biyu ne kawai, kuma akwai wurin zama a tashar Inverness. Zan zo Lairg in ɗauke ka da motar Rhona.

Saura kwana ashirin da huɗu.

'Yarka mai ƙaunarka,
Marsaili.

Dalmoine,
19 ga Nuwamba.

Babana,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata kuna lafiya. Mama ta ce takardata ta iso ranar tara ga wata, ta ce ka karanta ka sa a aljihun kwat, ka fita ka yi awa biyu a bakin kogi cikin ruwan sama. Don Allah kada ka sake yin haka da wannan ƙirjin. Ba na so in ceci ruwa in rasa uba.

Ba ka amsa ba, kuma ba zan matsa maka ba. Na rubuto ne don ka san inda nake tsaye.

Uisdean ya huce. Jiya ya kawo mini ƙafar rago a nannaɗe da jarida, ya ce na rame kamar sandar shinge. Ya sake kawo zancen Lachie, wai ya kai shi ya ga ruwan yanzu, ai ya zama ya sani. Har Rhona ta ce mini a hankali cewa ba wanda zai bincika, injiniyan ma sa hannu uku kawai zai ƙirga. Na yi kwana guda ina juya maganar. Na ce musu a'a. Idan aka sa ƙarya ɗaya a rajistar nan, duk sauran sunaye ashirin da biyu sun zama abin shakka, kuma wata rana wani kamfanin zai zo da lauyan da ya fi ni iya karatu.

Motocin duwatsun sun iso, guda huɗu, an jera su a filin bayan makaranta. Ina wuce su kowace safiya. An kafa turaku masu jan ƙyalle har bakin ruwan.

Ga abin da na yanke. Ranar 30 akwai taron ƙungiya da ƙarfe biyu na rana. Idan shaida ta uku ba ta samu ba, zan tashi a gaban mutanen gari in gaya musu cewa ruwan yana da suna, ni ce na rubuta ba shi da shi, domin na yarda da takarda ban tambayi mutum ba. Ba zan ambace ka ba. Abin da suka ga dama su yi da ni. Na rubuta abin da zan faɗa, minti biyu ne da rabi, na kuma gwada a gaban madubi.

Ranar 28 da ranar 29 zan je tashar Lairg in tsaya har jirgin rana ya wuce. Ko ka zo ko ba ka zo ba, ni 'yarka ce, kuma zan dawo gida Kirsimeti in ci gasasshen dankalin Mama.

Ka sha maganinka.

Marsaili.

Dalmoine,
3 ga Disamba.

Zuwa ga Mamata,

Gaisuwa mai tarin yawa. Yaya gwiwa, yaya sanyi? Ina fata Baba ya iso lafiya, kuma ya sauya rigar da ya jiƙa. Na san shi, da kin tambaye shi yadda aka yi zai ce "lafiya lau" ya kunna talabijin. To ga yadda aka yi, kuma yanzu an rufe rajista, ina iya rubuta komai.

Ranar 28 bai zo ba. Na tsaya har jirgin ya tafi, mutum biyu suka sauka, na koma. Ranar 29 na ga wani tsoho ya sauka daga taragon ƙarshe da kwat ɗin da yake zuwa jana'iza da shi. Baba ne. Bai rungume ni ba. Ya dubi ƙafata ya ce takalmin ba laifi. A mota, da muka shiga kwarin, sai ya ce an sare itatuwan da ke bakin gada.

Ya ce ba zai faɗa a ofis ba, a bakin ruwan zai faɗa. Rhona ta ɗauki rajista a cikin leda muka kama hanya. Tafiyar minti arba'in ta ɗauke mu awa ɗaya da kwata, yana tsayawa yana tari, ya ƙi in riƙe shi. Ban nuna masa hanya ba, shi ne a gaba.

Ban sani ba ko ya taɓa ba ki labarin, don haka ga abin da Peigi ta gaya mini. A watan Janairun 1966 suna da saniya ɗaya tak, ja, ita ce madararsu, ita ce man shanunsu, ɗan maraƙinta ne kuɗin hayar gonarsu. Baba ne yake kiwonta, kuma duk inda ya sa ƙafa tana biye. Ran nan ruwan ya daskare, aka aike shi ya koro ta gida, sai ya tsaya wasan zamiya a kan ƙanƙara. Saniyar ta biyo shi. Ƙanƙarar ta ɗauki yaro, ba ta ɗauki saniya ba. Yana tsaye yana kallo ta nutse. Kafin shekara ta zagayo kakana ya bar gonar suka koma Greenock, kuma har ya rasu bai taɓa ce wa Baba komai a kai ba, ko faɗa ko lallashi. Kafin su tashi mutanen gari sun riga sun fara kiran wurin Lochan na Bà Ruaidhe, wato ɗan loch na jar saniya. Yaro ɗan shekara goma yana jin haka a bakin kowa, a makaranta, a ƙofar coci. Ya ɗauka gori ake yi masa.

Da muka isa sai muka tarar da Uisdean zaune a kan dutse da karensa, ba wanda ya gaya masa. Suka dubi juna. Uisdean ya ce, "Tormod Ƙarami, ka tsufa." Baba ya ce, "Kai kuma har yanzu ba ka yi kyau ba." Shi ke nan gaisuwar shekara hamsin da shida.

Rhona ta ce ni da Uisdean mu matsa. Muka koma bayan garken tumaki, taku sittin, na ƙirga. Ina hango su. Baba ya cire hula. Ya daɗe ƙwarai, har na fara tunanin zai juya. Iska tana busawa daga wajenmu zuwa wajensu, ban ji komai ba, sai dai na ga Rhona ta buɗe leda ta rubuta, ta miƙa masa alƙalami.

Da muka dawo Uisdean bai yi wasa ba, karo na farko tun da na san shi. Ya ce wa Baba shi ne ya kira shi kan ƙanƙarar ran nan, yana da shekara goma sha huɗu, kuma da abin ya faru ya gudu gida bai taɓa faɗa wa kowa ba. Ya ce sunan ba gori ba ne. Iyaye mata ne suka raɗa shi, Peigi tana cikinsu, domin duk yaron da ya tambayi dalilin sunan a ba shi labarin. Ya ce, "Tun daga ranar ba ɗan da ya sake taka ƙanƙarar nan. Har nawa, har jikokina." Baba bai amsa da Turanci ba. Mama, na ji mijinki yana Gaelic. Ban gane ko rabi ba, amma sun yi ta yi har muka sauko, a wani wurin ma har da dariya.

A taron washegari na tashi duk da haka na faɗi kuskurena, domin na riga na yi niyya. Minti biyu da rabin ya zama huɗu. Wata mata ta ce in zauna haka nan shayi yana hucewa. Injiniyan ya duba sa hannu uku, ya ce za a cire turakun washegari. An cire, na je na gani. Rhona ta ce aikina na gaba shi ne in bi sauran ruwayen kwarin gaba ɗaya, da ƙafa, ina tambaya.

Abu ɗaya ya rage. Kafin mu bar bakin ruwan Baba ya karɓi rajistar ya karanta abin da na rubuta a ƙarƙashin lamba goma sha bakwai, da tabaransa a kan hanci. Ya tambaye ni a ina na auna zurfin. Na ce a tsakiya, kamar yadda aka koya mana. Ya girgiza kai, ya nuna gindin baƙin dutsen nan na gabas, ya ce ba a tsakiya ramin yake ba, a can yake, shi ya sani.

Jiya na koma da kwalekwale da igiya. Na auna sau uku. Mita huɗu da digo shida.

Ki gaya masa na gyara.

Ki gaida kowa. Sai na zo Kirsimeti.

'Yarki,
Marsaili Munro.